Rasuwar Agogon Malam Ladan, Kwana Huɗu Kafin a Miƙa Suna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa lamari ga Wanda ke bayarwa ya karɓa, iyalan Malam Ladan na Ƙofar Marke, mai horar da 'yan wasan iyo a birnin Sakkwato, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa riƙe bakin tafki yana haki yana jiran a faɗa masa lambarsa, rasuwar agogon auna gudu na Malam Ladan. Ya cika ranar Alhamis da hantsi, a cikin rabin duro na gumin shinkafa, bayan shekara goma sha shida yana aiki ba tare da ya taɓa neman hutu ba.

Marigayin ya tafi da amana a cikinsa. Ranar Litinin mai zuwa, ƙarfe goma sha biyu na rana, ƙungiyar iyo za ta miƙa sunan mutum ɗaya da zai tsaya mata a tseren mita dubu ɗaya da ɗari biyar a gasar shiyya da za a yi a Kaduna. Gurbi ɗaya ne, masu nema biyu: Jelani, ɗan Bawa masunci na Kwalkwalawa, da Gazali, ɗan farin Malam Ladan. An gwada su duka biyu a makon nan. Lambar Jelani tana rubuce a littafi da shaidu. Lambar Gazali tana cikin marigayi.

An ba Malam Ladan shi a hannu a ƙarshen wani kwas na masu horarwa a shekarar 2009, cikin kwali, da baƙar igiya ta ratayawa a wuya da takardar bayani da ba wanda ya karanta. Rawaya ne a lokacin. Ranar Sakkwato ta ci launin a hankali har ya koma kamar tsohon ƙashi. Maɓalli uku gare shi, kuma yana iya riƙe lamba ɗari a kansa ba ya cakuɗa ta wani da ta wani. Ba mai yawan magana ba ne. Idan an sa shi aiki yakan ce ƙit. Idan ɗan wasa ya taɓa bango yakan ce ti-tit. Idan kansa ya cika yakan ja tiiit guda ɗaya, doguwa, ba ta ƙorafi ba, ta sanarwa kawai. A shekara goma sha shida ba a taɓa jin ya ƙara komai a kan waɗannan ba.

Aikin da aka san shi da shi shi ne faɗin abin da bai faru ba tukuna. Tseren mita dubu da ɗari biyar ƙetarawa sau sittin ne a tafki mai tsawon mita ashirin da biyar, kuma matashi idan aka sake shi shi kaɗai ya yi sittin ɗin a wurin horo, ko ya ƙone ƙarfinsa a goman farko, ko ya ɓata ƙirga, ko ya riƙa lallaɓawa tunda ba mai binsa. Abin da ya nuna a nan ba shi zai nuna ranar gasa ba. Don haka Malam Ladan yakan yanka tseren gida goma sha biyar, mita ɗari-ɗari, da hutun daƙiƙa goma tsakanin kowane kashi. Marigayi ya riƙe lokacin kowane kashi, a ƙarshe ya fitar da matsakaicinsu a fuskarsa. A kan wannan matsakaici Malam Ladan yakan ƙara daƙiƙa biyu, saboda ranar gasa babu hutu, sannan ya ninka sau goma sha biyar. Abin da ya fito shi ne lokacin da ɗan wasan zai yi a gasa, kuma ana faɗa masa tun motar tafiya ba ta sha mai ba.

Hasashe arba'in da ɗaya suka yi tare. Ba su taɓa kuskure da fiye da daƙiƙa tara ba, sai sau ɗaya, ranar da wani Habibu ya sha fura da nono kwano biyu ana saura rabin awa ya shiga ruwa. Duk waɗanda suka ga abin da ya biyo baya sun yarda cewa laifin ba na marigayi ba ne.

Bai san fuskar kowa ba. A shekararsa ta shida wani babban ɗan kasuwar hatsi ya so a tafi da ɗansa Abdulrazak gasa, ya aiko da rago ana gobe gwaji. An gwada Abdulrazak, marigayi ya ce minti ashirin da shida. Malam Ladan ya mayar da rago, ya ce shi ba shi da ta cewa, kuma mai ta cewar ba ya cin nama. Uban ya ɗauki ɗansa a motarsa ya kai shi da kansa. Abdulrazak ya taɓa bango a minti ashirin da shida da daƙiƙa huɗu, lokacin da sauran 'yan tseren sun riga sun sa riguna. Daga ranar nan gardama ta mutu a ƙungiya. Wanda aka bari a gida yakan yi fushi, amma da agogo yake yi, kuma fushi da agogo ba ya kwana uku.

Akwai wata hidima da marigayi ya yi wa gidan Malam Ladan wadda ba a taɓa faɗa ba sai yau. Gazali ɗan fari ne. Malam Ladan da mai ɗakinsa Habiba mutanen da ne a wannan fanni: ba su ambatar sunansa, ba su yabonsa a gaban mutane, ba su tsaya masa idan ana gardama. "Yaron nan" suke cewa, ko "wancan". Shekara tara Gazali yana iyo a ƙarƙashin mahaifinsa, bai taɓa jin lambarsa daga bakin mahaifin ba. Idan Gazali ne a ruwa, Malam Ladan yakan danna maɓallin ƙarshe, ya kife fuskar agogon a tafinsa, ya taka zuwa inuwar da sakataren ƙungiya Malam Jalaluddeen ke zama, ya miƙa masa. Sakatare ya karanta da ƙarfi, ya rubuta. Malam Ladan kuwa ya juya ya shiga gyaran igiyar layi, ko ya duba sama kamar mai jiran hadari. Duk abin da uba ba zai iya faɗa ba, marigayi ke faɗa masa, kuma ba wanda zai ce an yi son kai.

Rashin lafiyarsa ta fara shekara uku da suka wuce, lokacin da aka kai shi canjin batir. Mai gyaran ya buɗe bayansa, wata siririyar roba mai hana ruwa shiga ta faɗo, ya dube ta ya ce ba ta da wani aiki, ya share ta da gefen hannu. Tun daga nan marigayi ya fara haɗa gumi ta cikin gilashi idan damina ta kama. A bazara kuma fuskarsa takan yi baƙi ƙirin da tsakar rana, sai Malam Ladan ya cire hularsa ya rufe shi, shi ya tsaya da kai a rana har lambobin su dawo. An sha ba shi shawara ya koma ga agogon waya kamar kowa. Ya gwada sau ɗaya. Waya ba ta jin jiƙaƙƙen yatsa, kuma ana cikin kashi na tara wani ya kira yana tambayar ko an ga akuyarsa. Bai sake ba.

Otal ɗin da ke ba ƙungiya aron tafkinsa awa ɗaya yake bayarwa, daga bakwai zuwa takwas na safe, kafin baƙi su tashi. Ƙa'idar Malam Ladan ce kowa ya yi gwajinsa shi kaɗai, don kada wani ya ja wani. Ranar Litinin aka gwada Jelani. Matsakaicinsa minti ɗaya da daƙiƙa 20.4, wanda ya ba da hasashen minti ashirin da daƙiƙa talatin da shida. Malam Ladan ya karanta da bakinsa, ya dafa kafaɗar Jelani, ya ce bai taɓa yin kamar haka ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Ranar Talata aka gwada Gazali. Marigayi ya yi ti-tit sau goma sha huɗu yadda ya saba. A na goma sha biyar Malam Ladan ya danna maɓallin ƙarshe, kuma a karo na farko cikin shekara tara bai kife shi da wuri ba. Idonsa ya faɗa a kan matsakaicin. Ya gan shi sarai, kamar yadda mutum ke ganin sunansa a takarda. Ya fi na Jelani kyau. Ya ɗago igiyar zai cire ta daga wuyansa ya kai wa sakatare, igiyar da ta sha gumin shekara goma sha shida ta tsinke a daidai ƙulli. Marigayi ya bugi bakin tafki, ya gangara ɓangaren da ya fi zurfi. Bai yi wani sauti ba.

Gazali ne ya nutsa ya ɗauko shi, ko numfashinsa bai gama dawowa ba. Fuskar agogon ta zama fara, da ɗigon ruwa yana yawo a ciki. Ya miƙa wa mahaifinsa, yana riƙe da bango da hannu ɗaya.

"Baba, nawa?" ya ce.

Mutum goma sha ɗaya ne a wurin, duk suna ji.

"Tahi ka sa riga," in ji Malam Ladan.

Sakatare ne ya kawo maganar shinkafa. Ya ce wayarsa ta taɓa faɗawa randa, ya binne ta a shinkafa kwana uku ba a buɗe ba, ta tashi da duk lambobinta. Malam Ladan bai yarda da maganin ba, amma ba shi da wani. Habiba sana'arta gumin shinkafa, wato jiƙa ta a turara kafin a kai inji, kuma shinkafar rani ta shigo, buhuna jingine a ɗakin ajiya. Ya zaɓi wanda ya fi bushewa, na bakin ƙofa, ya kwance bakinsa, ya tura hannu har gwiwa, ya ajiye marigayi, ya ɗaure yadda ya tarar. Bai faɗa wa Habiba ba. Da ya faɗa, da ta tambayi abin da ke cikin agogon da har ake yi masa jinya haka, da sai sun yi maganar yaron nan su biyu, abin da ba su taɓa yi ba. Ya ga kwana uku ba wani abu ba ne.

Ranar Laraba da safe 'yan wasa suka tarar ana zuƙe ruwan tafki. Ƙasansa ya tsage, in ji manajan otal, gyaran zai ɗauki wata ɗaya, wanda duk mai hulɗa da magina ya san yana nufin bayan damina. Malam Ladan ya hau babur da ma'aunin tela a aljihu, ya yini yana zagaya gari yana neman inda za a sake gwajin. Tafki na farko siffar ƙwayar wake gare shi, ba shi da bango biyu masu fuskantar juna. Na biyu mita goma sha biyu ne, da abin zamiyar yara a tsakiya. Na uku ruwansa kore ne, kuma mai gadin ya ce akwai wanda ke kiwon tarwaɗa a ciki. Ya dawo gida bayan la'asar da ƙurar gari a gira, bai leƙa ɗakin ajiya ba, don an ce kada a buɗe.

Buhun bakin ƙofa shi ne na gaba a layi. Habiba ta riga ta juye shi a ruwan zafi tun azahar. Ya kwana a jiƙe. Ranar Alhamis da safe ta tsame, ta zuba a rabin duro, ta rufe da buhu, ta hura wuta yadda take yi shekara ashirin. Waɗanda suka san aikin sun ce shinkafar ta yi kyau ƙwarai. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, tana baza ta a kan tamfol, hannunta ya ci karo da marigayi. Ya kumbura, gilashinsa ya lanƙwashe, maɓalli ɗaya ya fita. Ta ɗora shi a faifai ta kai zaure.

"Malam, wanga naka na?"

"Ina kinka same shi?"

"Ga shinkafa. Ya dahu." Ta tsaya tana dubansa. "Don mi ba ka hwaɗa min ba?"

Malam Ladan ya karɓi faifan ya ajiye a gabansa.

Duk da haka an kai shi wurin masu gyara uku ranar Juma'a. Na farko ya shinshina ya mayar. Na biyu ya tambaya ko wasa ake yi. Na uku, dattijo mai tabarau, ya buɗe bayansa da girmamawa, ruwa ya tsiyayo da ƙwayar shinkafa biyu. Malam Ladan ya ce ba sai ya tashi ba, lamba ɗaya kawai ake so a ciro, ta ƙarshe. Dattijon ya ce, "Malam, wanga sai haƙuri. Ko wanda yaƙ ƙera shi, sai haƙuri."

Iyalan suna sane da maganar da ta riga su isa Kwalkwalawa, wadda aka maimaita a bakin masallaci bayan an sauko Juma'a: wai Gazali ya gaza a gwaji, uban ya saki agogon a ruwa, uwar ta ƙarasa shi a wuta don kada a ga lambar. Iyalan suna musanta wannan. Matar da ake magana a kanta ba ta taɓa zuwa kallon ɗanta yana iyo ba, ba ta san ko minti ɗaya da daƙiƙa ashirin abin murna ba ne ko na jaje. Tun ranar Alhamis ba ta sake hura wutar gumi ba. Abin da ta dafa ba tare da sani ba shi ne shaida ɗaya tilo da ɗanta yake da ita, kuma ba ta da bakin da za ta fito ta ce haka, don ko sunansa ba ta kamawa.

Bayan la'asar ta Juma'a Bawa masunci ya zo gaisuwa da ɗansa Jelani, da busasshen kifi a ƙunshe. Sakatare yana nan. Aka zauna a zaure, marigayi yana tsakiya a kan faifai. Bayan an gama gaisawa sakatare ya buɗe littafi, ya ce Litinin ba ta jiran kowa, ya tambayi Malam Ladan a gaban kowa ko ya ga lambar kafin agogon ya faɗi.

"Idona ya hwaɗa kai," in ji Malam Ladan.

Gazali yana tsaye a bakin ƙofa ta waje. Malam Ladan ya mayar da idonsa kan tabarma.

Bawa ya gyara zama. "Malam Ladan, ni ban ce ka yi ƙarya ba, kuma ban yarda da zancen 'yan bakin masallaci ba. Amma ko ka hwaɗi, wa za shi shaida? Kai uba kake, ni ma uba nike. In ka ce naka ya hi, mutanena su ce an ci muna. In ka ce nau ya hi, ni kaina sai in ce kunya ta sa ka."

"Malam," in ji Jelani, "ni abin da agogo yac ce shi ni ka bi. In Gazali yac ce, Gazali ɗin."

"To tambaye shi mana, ga shi nan," in ji uban, yana nuna faifai da haɓa. "Ruwa dai bai ƙare ba ga duniya. Otal ya tsiyaye nashi, gulbi na nan. A sake su su biyu, wanda yar riga dawowa a rubuta shi. Ido ɗari ba su yin ƙarya."

Sakatare ya ce wannan adalci ne, ya ɗaga biro, ya dubi Malam Ladan.

A nan ya kamata a bayyana abin da Malam Ladan ya sani wanda sauran ba su sani ba, don shekara takwas marigayi yana nuna masa. A tsakiyar ruwa Jelani ya fi Gazali gudu. A gulbi ya tashi, hannunsa ya san ruwa mai tafiya, ba ya buƙatar layi a ƙasa kafin ya miƙe. Gazali ɗan tafki ne. Ƙarfinsa a juyi yake: idan ya iso bango yakan dunƙule, ya doka ƙafa, ya fita kamar an harba shi, yana cin kusan rabin daƙiƙa a kan Jelani a kowane bango. Juyi hamsin da tara ne a tseren, kuma tafkin da za a yi gasar irin nasu ne. A can Gazali zai riga Jelani da kusan tsawon tafki guda. A gulbi babu bango ko ɗaya. Malam Ladan ya yi wannan lissafi a kansa kafin sakatare ya gama ɗaga biro, ya sake yi, ya fito daidai.

Da zai ƙi, sai ya faɗi duk wannan a gaban Bawa, da bakinsa, yana kare ɗan farinsa a kan yaron da ke hawo keke daga Kwalkwalawa kullum tun yana shekara goma sha huɗu, wanda bana ce shekararsa ta ƙarshe a rukunin matasa. Ya dubi marigayi kamar zai ce ƙit.

"Shi ke nan," ya ce. "A yi hakanan."

Aka rubuta. Da aka fito rakiya babu kowa a bakin ƙofa.

Marigayin ya rasu ya bar usur ɗaya, abokin rataya, wanda har yanzu yana iya tayar da tsere amma ba ya iya faɗin yadda ya ƙare. Ya bar littafin lambobi mai bango shuɗi, da layi ɗaya a buɗe a ƙarƙashin ranar Talata. Ya bar igiyarsa gida biyu, wadda iyalan suka yanke shawarar ba za su tuhuma ba saboda shekarunta. Ya bar 'yan wasa goma sha huɗu da ba su da tafki, da buhu ɗaya na gumi da ba wanda ya yarda ya saya ko ya ci. Ya bar Malam Ladan, mai shekara hamsin da takwas, wanda tun ranar Alhamis babban yatsansa ke danna iska duk lokacin da wani abu ya wuce shi da gudu, ko babur, ko kaza.

Masu zuwa ta'aziyya da sababbin agogo, an gode, amma a riƙe su. Uku sun riga sun iso. Duk suna aiki, kuma ba wanda ya halarci ranar Talata a cikinsu.

An nemi fatawar limamin unguwa, ya ce agogo ba a yi masa wanka, wanda dai ya riga ya samu fiye da kima, ba a yi masa salla, amma ba laifi a tona rami a rufe shi kamar kowane abu da ya gama amfani. Za a bi wannan.

Za a taru gobe Lahadi, ƙarfe bakwai na safe, a bakin gulbi ƙasan gadar Kwalkwalawa. Ƙarfe bakwai da rabi sakatare zai busa usur. Jelani da Gazali za su tashi daga ƙarƙashin gada zuwa inda masu noman rani ke kafa injinan ban ruwa, su kewaya kwalekwalen Bawa, su dawo. Ba wanda ya auna nisan, kuma ba za a ɗauki lokaci ba. Wanda ya riga taɓa ƙafar gada shi za a miƙa sunansa ranar Litinin, kuma iyalan Malam Ladan sun amince da sakamakon tun kafin a yi.

Bayan an fito daga ruwa za a rufe marigayi a kan tudun da ambaliya ba ta kaiwa, cikin kwalin da ya zo da shi. Malam Ladan ne zai tona ramin da kansa. Ba za a yi jawabi ba, ba za a yi zaman makoki ba. Mata masu son gaisuwa su wuce gida wurin Habiba, kuma a yi mata maganar wani abu daban.

A kan ramin za a kafa ɗan guntun kwanon rufi da aka yi wa rubutu da fenti. Ba ƙara ba ce, ba a neman kowa ya gaskata, kuma ba zai canza sunan da za a miƙa ba. Maganar marigayi ce ta ƙarshe, kamar yadda mutum ɗaya ya gan ta: minti ɗaya da daƙiƙa 19.2. A ƙarƙashinta, da hannun Malam Ladan, abin da ta bayar bayan an ƙara biyu an ninka: minti ashirin da daƙiƙa goma sha takwas.

Ana roƙon jama'a, idan an gama rufewa, su ja baya su ba Gazali hanya ya karanta. Kada kowa ya dubi mahaifinsa a lokacin.